Darasi na Goma Sha Huɗu: Yola da Jimeta, Gari Biyu da Suna Ɗaya

Idan aka tambaye ku sunan babban birnin Jihar Adamawa, ba shakka za ku ce Yola, kuma kun amsa daidai. Amma idan baƙo ya sauka a filin jirgin sama ya ce a kai shi gidan gwamna, ko sakatariyar jiha, ko babbar kasuwa, direba ba zai nufi cikin Yola da shi ba, Jimeta zai kai shi. In kuwa fadar Mai Martaba Lamiɗo yake nema, to sai a bar Jimeta a miƙa kudu, tafiyar da ba ta kai kilomita 10 ba, kafin a isa ƙofar fada. Wato abin da taswira ta rubuta da suna ɗaya, a ƙasa gari biyu ne, kowanne da asalinsa da halinsa.

A wannan darasi za ku karanta yadda garuruwan nan biyu suka kafu, ku ga bambancin garin da ya girma da kansa da wanda aka fara zanawa a takarda. Ku karanta a hankali, ku riƙa rubuta sababbin kalmomi a littafinku.

Garin Modibbo Adama

A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wani malami Bafulatani mai suna Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu, aka ɗora masa jagorancin wannan yanki da Fulani suke kira Fombina, wato kudu. Daga sunansa aka sami kalmar Adamawa. Modibbo bai zauna wuri ɗaya ba. Ya fara da Gurin, ya koma Ribadu, ya yi ɗan zama a Njoboliyo, sai a shekarar 1841 ya kafa Yola. A nan ya rasu a 1847, ɗansa Lawal ya gaje shi.

Sunan garin ya fito ne daga kalmar Fulatanci yolde, wadda take nufin tudu. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne. Kogin Binuwai yakan cika da damina ya malale fadamun da ke gefensa, don haka mai son kafa gari, ga dawaki ga shanu ga iyali, dole ya ja da baya ya nemi inda ruwa ba ya kaiwa. Ku riƙe wannan a zuciya, domin za mu komo kansa.

Yola ta tashi ne irin yadda biranen sarauta suke tashi. Fada a tsakiya, babban masallaci kusa da ita, ga fili a ƙofar fada inda jama'a suke taruwa. Masu sarauta da malamai kowa ya sami wurinsa, mutanensa suka kewaye shi. Idan ɗa ya yi aure sai a yanka masa gefe a cikin gida ko a bayan gida, a ja katanga. Hanya kuwa takan bi inda ƙafa ta saba bi, shi ya sa lunguna suke lanƙwashewa. Kuskure ne a ce irin wannan gari ba shi da tsari. Yana da shi, sai dai tsari ne na zumunta da sarauta, ba na ma'auni da igiyar awo ba.

A watan Yuni na 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Yola daga Barno. Lamiɗo Lawal bai yarda da shi ba, saboda ya zo tare da manzannin Barno a lokacin da ake jayayya kan iyaka, sai aka sallame shi bayan 'yan kwanaki. Duk da haka ya rubuta abin da ya gani: gari mai faɗi, gidaje a warwatse da gonaki a tsakaninsu, mutane kimanin 12,000 bisa ƙiyasinsa.

Kogi ya kawo baƙi

Binuwai ya taso ne daga ƙasar Kamaru, ya bi ta Garwa, ya wuce ta arewacin Yola, ya karɓi kogin Gongola a Numan, ya ratsa Makurɗi, ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Tun kafin zuwan Fulani akwai mutanen Bata a gaɓarsa, suna su da noma da fito. Manyan jiragen ruwa ba sa iya hawowa sai a 'yan watannin da ruwa ya cika, amma waɗannan 'yan watanni sun isa su canza tarihin wurin. A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin Ingilishi na Royal Niger Company ya riƙa ciniki daga cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a bakin kogi, yana sayen hauren giwa da ƙaro, yana sayar da gishiri da tufafi.

Ciniki ya rikiɗe ya zama yaƙi. A watan Satumba na 1901 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka hawo kogi suka auka wa Yola. Lamiɗo Zubairu ya yi tsayin daka, har da igwa biyu da wani Bafaranshe mai suna Mizon ya taɓa ba shi, amma aka ci garin. Zubairu ya fita ya ci gaba da gwagwarmaya har aka kashe shi a 1903, Turawa kuwa suka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu.

Turawa ba su zauna cikin Yola ba. Ƙarfinsu yana kan ruwa: ta nan sojansu yake zuwa, ta nan wasiƙa da kaya suke isowa. Saboda haka suka kafa barikinsu kusa da kogi, a wajen Jimeta, suka bar Lamiɗo da garinsa. Daga ranar nan mulki ya rabu gida biyu. Sarauta da alƙalanci da En'e suna Yola. Razdan da soja da kantunan kamfanoni suna Jimeta.

Gari a kan takarda

Yaya ake tsara gari? Da farko safiyo yakan auna ƙasa, ya san tudu da kwari da hanyar ruwa. Sa'an nan a zana tituna a takarda tun babu ko bukka ɗaya a wurin. A yanka fili fuloti-fuloti, a kafa alamar siminti a kowace kusurwa. A garuruwan Nijeriya fulotin da aka fi sani shi ne mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100. A keɓe wurin kasuwa, da makaranta, da asibiti, da maƙabarta, a bar hanyar lambatu a gefen titi. Sai an gama wannan ake ba mutane izinin gini. A tsohon gari gida ne yake haifar hanya. A tsararren gari hanya ce take riga gida zuwa.

Amma tsari yakan bi zuciyar mai yin sa. A 1917 gwamnatin Lugga ta kafa dokar garuruwa, kuma ƙa'idar zamanin ita ce a raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini a tsakani. Hujjar da aka bayar ita ce kare Turawa daga sauro da zazzaɓi. Ko yaro ya san sauro ba ya tsayawa a kan iyaka. Abin da dokar ta tabbatar shi ne wariya. Haka aka yi a Kaduna da Kano da Zariya, kuma Jimeta ma ta ɗauki wannan kama: manyan gidaje masu faɗin fili da itatuwa a kan tudu domin manya, gidajen akawuna a wani gefe, sai kuma cikin gari kusa da kasuwa da bakin ruwa, inda fatake da leburori da masu sana'a suka cunkushe. Har yau akwai unguwa a Jimeta da ake kira Clerks Quarters, wato mazaunin akawuna, kuma gidan gwamna yana Dougirei, a kan tudu. Turawa sun tafi a 1960, amma layin da suka ja bai goge ba. Manyan ma'aikata ne kawai suka maye gurbinsu.

A 1926 aka kafa Lardin Adamawa, Jimeta ta zama mazaunin ma'aikatan lardi da tashar gyaɗa da auduga da fatu. Ta ci gaba da girma sannu a hankali. Ko da aka ƙirƙiro Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, hedkwata tana can Maiduguri, nesa ƙwarai.

Shekarar da kome ya canza

Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammad ya ba da sanarwar sababbin jihohi, a cikinsu har da Gongola, da Yola a matsayin babban birni. A wannan jawabi ne kuma ya bayyana cewa za a gina sabon birnin tarayya, wanda ya zama Abuja. Gwamnan Gongola na farko, Kanar Muhammadu Jega, ya tarar da gari ƙarami da aka ɗora wa babban kaya. Ma'aikata sun taso daga Maiduguri da iyalansu, kowa yana neman ofis da wurin kwana. A cikin waɗannan shekaru ne kamfanin Max Lock, wanda ya riga ya yi wa Kaduna irin wannan aiki, ya tsara wa Yola da Jimeta taswirar bunƙasa.

Da yake tsohon gari ya riga ya cika, kuma ofisoshin lardi suna Jimeta, sai nauyin ya faɗa a kanta. Aka gina sakatariya, aka yanka sababbin unguwanni irin su Karewa, aka gina rukunin gidaje irin na Bekaji. A zamanin Shugaba Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, aka yi gidaje masu sauƙin kuɗi a ɓangaren Yola, waɗanda har yau ake kiran unguwarsu da sunansa. Gadar da aka ɗora a kan Binuwai ta rage wahalar fito, ta buɗe ƙetaren kogi. A can, a ƙasar Girei, aka zaunar da jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a 1981, wadda yanzu take ɗauke da sunan Modibbo Adama. Wata doka kuma ta 1978 ta sa dukkan filayen birni a hannun gwamna, ta yadda mai son fuloti na hukuma sai ya nemi takardar shaidar mallaka.

Ranar 27 ga Agusta, 1991, aka raba Gongola gida biyu, Adamawa da Taraba. Yola ta ci gaba da zama babban birnin Adamawa. Yau Jimeta ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, tsohon gari kuma ta Yola ta Kudu. A ƙidayar 2006 kowace ɗaya daga cikinsu tana da mutane kusan 200,000. Ku kwatanta wannan da 12,000 na zamanin Abdulkarim.

Abin da sunaye suke faɗa

Ɗalibin harshe ya kamata ya riƙa kasa kunne ga sunayen wurare, domin sukan riƙe tarihin da mutane suka manta. Yola ta Arewa tana da mazaɓu 11: Ajiya, Alkalawa, Doubeli, Gwadabawa, Jambutu, Karewa, Limawa, Luggere, Nassarawo, Rumde da Yelwa. Ku dubi yadda harsuna biyu suka zauna kafaɗa da kafaɗa a cikinsu. Luggere kalmar Fulatanci ce mai nufin kwari. Rumde ita ce abin da Hausawa suke kira rinji, wato ƙauyen gona inda bayi suke zama a zamanin da. Yelwa kuwa Hausa ce, yalwa, fatan wadata. Limawa mutanen liman ne, Ajiya sarauta ce, Alkalawa da Gwadabawa kuma sunayen garuruwa ne da aka sani a ƙasar Gobir da Sakkwato. A cikin Yola akwai Wuro Hausa. Wuro gari ne ko unguwa da Fulatanci, wato unguwar Hausawa. Wannan suna kaɗai ya isa ya gaya muku cewa a Yola Bahaushe baƙo ne da aka ba masauki.

Halin garuruwan ma ya bi asalinsu. Yola gari ne na natsuwa. Fulatanci ne harshen fada da na gidaje da yawa, kuma ana ganin girman gidan da mutum ya fito. Jimeta kuwa gari ne na wanda ya zo nema. A kasuwarta za ku haɗu da Bachama da Bata, da Kilba da Margi da Kamwe, da Chamba da Mumuye da Vere, ga Barebari, ga Ibo masu kayan gyaran mota da na gini, ga Yarabawa. Masallatai da coci-coci suna kallon juna a titi ɗaya. Hausawa sun ce zo mu zauna zo mu saɓa, kuma Jimeta ta ga ranakun tashin hankali, amma kullum gari ya waye kasuwa takan buɗe.

Da wane harshe duk waɗannan mutane suke ciniki? Da Hausa. Mafi yawan masu jin Hausa a Jimeta kamarku suke, ba a nono suka sha ta ba. Shi ya sa za ku ji an ce "mota na ya lalace" maimakon "motata ta lalace", ko a ce wa mace "ya zo", ko a furta ƙ kamar k, har ƙafa da kafa su zama abu ɗaya. Wannan Hausa tana biyan bukata a kasuwa da tasha, kuma ba abin dariya ba ce, domin ita ce ta haɗa ƙabilu masu yawa a inuwa ɗaya. Amma a jarrabawa da rubutu daidaitacciyar Hausa ake bukata, wadda take bambanta namiji da mace. Ku san duka biyun, ku san inda kowace take aiki.

Wani misali daga nesa

Domin ku ga iyakar abin da tsari yake iya yi, bari mu leƙa Koriya ta Kudu. A ƙarshen shekarun 1980 gidaje sun yi tsada ƙwarai a Siyol, babban birnin ƙasar. A 1989 gwamnati ta yanke shawarar gina sababbin garuruwa biyar a kewayensa, mafi girma a cikinsu su ne Bundang da Ilsan. Wuraren gonaki ne da ƙauyuka. Aka sayi ƙasar gaba ɗaya, aka shimfiɗa tituna da bututun ruwa, aka gina dogayen benaye da makarantu. A 1991 mutane suka fara tarewa a Bundang, wadda aka tsara domin mutane kusan 400,000, kuma a cikin 'yan shekaru jirgin ƙasa ya haɗa garuruwan biyu da Siyol.

Ilsan tana kusa da kogin Han, kamar yadda Jimeta take bakin Binuwai. A 1990, ana shirin ginin, kogin ya fasa shingensa ya mamaye yankin. Abin da aka yi shi ne aka gina babbar hanya a kan doguwar ganuwa ta bakin kogi, ta zama titi kuma ta zama kariya. A tsakiyar garin kuma aka haƙa tafki aka kewaye shi da lambun shaƙatawa, aka buɗe shi a 1996. Duk da haka ba a rasa masu suka ba. An daɗe ana kiran irin waɗannan wurare garin kwana, saboda mutane sukan fita da sassafe zuwa aiki a Siyol, ba su komo ba sai dare. Kuma gidajen duk kama ɗaya, kamar an zuba su a tukunya guda. Jimeta ba ta da wannan ciwo. A nan ake kwana, a nan ake nema. Ciwonta daban ne: a Ilsan titi da lambatu sun riga mutane isa, a yawancin sababbin unguwannin Jimeta kuwa mutane ne suka riga su.

Inda gari ya fi ƙarfin taswira

Filin hukuma yana da wuyar samu, takardunsa suna ɗaukar lokaci, mai ƙaramin ƙarfi kuwa ba zai kwana a titi yana jira ba. Sai ya je gefen gari ya sayi yankin gona a hannun mai ita, a rubuta takarda a gaban mai unguwa da shaidu, ya kafa tubali. Maƙwabcinsa ya yi haka, na gaba ma haka. Kafin hukuma ta waiwayo, unguwa ta tashi, babu filin makaranta, babu lambatu, wani lungun ko motar kashe gobara ba za ta shiga ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gyaran unguwa bayan an gina ta yana nufin rushe gidan wani. Ta haka sararin da ke tsakanin Jimeta da Yola ya cike, har baƙo ba ya gane inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara, kuma gine-gine suka tsallaka gada zuwa Vinikilang da hanyar Girei.

Yanzu ku tuna da yolde. Modibbo Adama ya zaɓi tudu, Turawa ma tudu suka hau. Wanda ya zo daga baya da kuɗi kaɗan, kwari da fadama ne suka rage masa, domin nan fili ya fi araha. A 2012 Binuwai ya yi cikar da aka daɗe ba a ga irinta ba, bayan ruwan sama mai yawa da sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka gama ginawa a 1982. Gidaje da gonaki suka nutse tun daga Adamawa har zuwa kudancin Nijeriya. A 2022 aka sake ganin irin haka. Mutane sukan ɗora laifin duka a kan Lagdo, amma ba kowace ambaliya ce daga Kamaru take zuwa ba. Ruwan dare ɗaya ya isa ya shiga ɗakuna idan an yi gini a kan hanyarsa, ko lambatu ya toshe da leda.

Wani nauyin kuma ba wanda ya zana shi a taswira. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 Boko Haram ta kama Mubi, dubban mutane daga arewacin jihar suka kwararo Yola da Jimeta. An buɗe sansani a wurare irin su Malkohi da Damare, cocin Katolika na Saint Theresa da masallatai da Jami'ar Amurka ta Nijeriya suka yi ta rabon abinci, amma mafi yawan 'yan gudun hijirar gidajen 'yan'uwa da na masu tausayi suka sauka. Gidan da aka gina domin mutum goma ya ɗauki talatin. Da ƙura ta lafa wasu sun koma, wasu kuwa sun zauna, sun kama sana'a, 'ya'yansu suna makaranta, wataƙila ma a ajinku.

Hukuma tana ƙoƙarin cim ma garin. An hana acaɓa, Keke Napep ya maye gurbinsa. Daga 2019, a zamanin Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri, an gina gadojin sama a manyan mahaɗun Jimeta, an kuma shimfiɗa tituna a unguwanni. Gadar sama tana rage cunkoso kuma tana ƙawata gari, sai dai ni a ganina lambatun da ba a ɗaukar hotonsa ya fi ta amfani ga mai gida a kwari. A yammacin Jimeta, kusa da Jambutu, akwai tafkin Geriyo, inda manoma suke noman rani na shinkafa da kayan lambu da ake ci a garin. Gidaje suna matsowa wajensa kowace shekara.

Ma'anar wasu kalmomi

taswira: zanen ƙasa ko gari a takarda
fadama: ƙasa mai damshi a gefen kogi, wadda ruwa yake malalewa da damina
fito: ƙetarar da mutane ko kaya a jirgin ruwa
igwa: babbar bindiga mai harba dalma mai nauyi
bariki: mazaunin Turawan mulki da ma'aikatansu
Razdan: Baturen da yake shugabancin lardi
En'e: hukumar gargajiya a ƙarƙashin sarki a zamanin Turawa
safiyo: ma'aikacin da yake auna ƙasa
fuloti: yankin fili da aka auna domin gina gida
lambatu: hanyar da aka gina domin ruwa ya bi
wariya: raba mutane saboda launi ko asali
ambaliya: cikar ruwa har ya mamaye gidaje da gonaki

Nahawu: ɗafa-ƙeyar -awa

Kun ga sunaye irin su Limawa da Adamawa. Ana liƙa -awa a ƙarshen suna domin a nuna jama'ar wani wuri, ko mabiyan wani mutum. Tilonsu yakan fara da ba-. Misali: Bakano, Bakanuwa, Kanawa, Bakatsine, Bakatsiniya, Katsinawa, Bature, Baturiya, Turawa. Sau da yawa sunan jama'a yakan koma sunan wurin da suka zauna. Adamawa asalinta mutanen Adama, daga baya ta zama sunan ƙasarsu. Ku lura, idan wuri ake nufi, kalmar takan zama mace: Adamawa tana gabas. Idan mutane ake nufi, jam'i ce: Kanawa suna kasuwanci. Ba kowace ƙabila ce take karɓar wannan ɗafi ba. Muna cewa Fulani da Barebari.

Tambayoyi

1. Waɗanne wurare Modibbo Adama ya zauna kafin ya kafa Yola, kuma a wace shekara ya kafa ta?
2. Me ya sa Turawa suka zaɓi Jimeta maimakon cikin Yola?
3. Ku bayyana wannan jimla da kalmominku: "A tsohon gari gida ne yake haifar hanya, a tsararren gari hanya ce take riga gida zuwa."
4. Wace hujja aka bayar ta barin fili mai yadi 440, kuma mene ne ra'ayin marubuci a kanta?
5. Ku kawo abu ɗaya da Ilsan ta fi Jimeta, da abu ɗaya da Jimeta ta fi Ilsan.
6. Me ya sa ambaliya ta fi shafar masu ƙaramin ƙarfi?
7. Ku gyara waɗannan jimloli zuwa daidaitacciyar Hausa: (a) Kasuwa ya cika. (b) Yarinya na ya tafi makaranta. (c) Wannan hanya ba shi da kyau.
8. Ku kawo tilo na namiji da na mace na waɗannan: Zazzagawa, Gobirawa, Larabawa, Sakkwatawa.

Aikin gida

Ku tambayi wani dattijo a unguwarku asalin sunanta, da abin da yake wurin kafin a yi gidaje. Ku zana taswirar unguwar, ku nuna tituna da makaranta da wurin ibada, da inda ruwa yake bi idan an yi ruwan sama. Sa'an nan ku rubuta bayani da bai wuce kalmomi 150 ba, ku karanta shi a gaban aji.